Awa Ɗaya da Kwata Zuwa Maiduguri

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a shagon Nazifi, ɗan ƙanena, nan cikin Kazaure, inda yake yankar wa mutane tikitin jirgi ta waya. Wani mutumin Gwiwa ya shigo yana tambayar awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Maiduguri. Nazifi bai ko ɗaga kai ba. Ya latsa waya, ya ce awa ɗaya da minti biyar, ya ci gaba da hira da abokansa. Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce da ni, "Baba, ashe aikin da kuka yi shekara da shekaru kuna yi ke nan? Ai waya ta gama shi kafin ka ƙifta ido."

Na miƙe na fita waje, na zagaya bayan shagon, na dawo. Haka nake tun da na bar aiki, ba na iya zama wuri ɗaya idan magana ta taɓa jirgi. Na ce musu su matso da bencinsu, tunda sun tono ni.

Sunan aikin disfaca. Mutumin da ke zaune a ƙasa ke nan, a wani ƙaramin ofis kusa da inda jirage ke tsayawa, wanda zai auna nisan tafiya, ya lissafa lokacin da za ta ci, ya faɗi yawan man da za a zuba da yawan nauyin da jirgi zai iya ɗauka, sannan ya sa hannu a takarda tare da matuƙi. Idan bai sa hannu ba, jirgi ba ya tashi. Fasinja ba ya ganinsa, bai ma san da shi ba. Shekara ashirin da shida na yi ina wannan aiki a Kano, a ƙananan kamfanoni, kuma yawancin jiragen da na sallama masu farfela ne, waɗanda ke zuwa Maiduguri da Sakkwato da Yola su dawo.

Ba da shi na fara ba. Ni haifaffen Roni ne, kuma malamin lissafi ne a firamare kafin wani kawuna ya samo mini aikin awon kaya a filin jirgi. A lokacin ina da mata da ɗa guda. Aikina in ɗora akwati a sikeli, in rubuta kilo nawa ne, in tara jimla in kai wa wani dattijo mai suna Malam Isiyaku, wanda shi ne disfacan kamfanin. Wata rana na kai masa takarda, ya ɗauko na'urar lissafi zai tara, na faɗa masa jimlar da ka. Ya tara, ya ga daidai. Washegari ya sake gwada ni. Rana ta uku ya jawo kujera kusa da teburinsa ya ce, "Zauna nan. Amma ka sani, iya tara lamba ba shi ne aikin ba."

Aikin farko da ya ba ni shi ne in lissafa tafiyar Kano zuwa Maiduguri da dawowa. Ya shimfiɗa mini taswira, irin tasu ta jirgi wadda ba ta da hoton gari sai layuka da lambobi. Ya ba ni rula da fensir, da wani faifan ƙarfe mai juyawa wanda ake lissafin gudu da iska da shi. Na ɗora rula, na auna, na samu kusan kilomita ɗari biyar. Na raba da gudun jirgi, na rubuta lokaci. Da na zo kan dawowa, sai kawai na kwafi lambar da na samu a zuwa, tunda hanya ɗaya ce. Malam Isiyaku ya duba takardar, ya ninke ta biyu, ya yaga.

Ya ce, "Kana da keke a Roni?"

Na ce, "Ina da shi, Malam."

"Ranar da iska ke kaɗowa daga gabas, ka hau shi zuwa Kazaure, ka dawo. Zuwa da dawowa lokaci ɗaya kake ci?"

Na ce, "A'a, Malam."

Ya ce, "To jirgi ma a cikin iska yake iyo, ba a kan kwalta yake gudu ba. Je ka karɓo takardar yanayi ka sake."

Na je ofishin masu hasashen yanayi na karɓo. Da damina iskar sama daga gabas take zuwa, saboda haka mai zuwa Maiduguri da ita yake kokawa, mai dawowa kuwa tura shi take yi. Da na sake lissafi, zuwa ya fi dawowa da kusan minti goma. Wannan shi ne abin da wayar Nazifi ba ta faɗa wa mutumin Gwiwa ba. Nisa ba ya canzawa, amma lokaci kullum da nasa. Jiya daban, yau daban, na safe daban da na rana.

Agogo biyu ne a bangon ofishinmu. Ɗaya na gida, ɗaya kuma yana baya da awa guda, shi ne agogon da jiragen duniya duka ke aiki da shi. Sabon shiga sai ya rikice tsakaninsu. Na taɓa aika wa hasumiya, inda ake ba jirage izinin tashi da sauka, lokacin tashi da agogon gida, jirgi ya cika da mutane, aka ce ba a san da tashinsa ba sai nan da awa ɗaya. Malam Isiyaku bai yi mini faɗa ba. Oba-oba, rediyon hannu da muke magana da shi, ya miƙo mini ya ce in je gindin jirgi in yi wa matuƙi bayani da bakina. Ban sake wannan kuskure ba. Shekara biyu na yi a gefen teburinsa kafin in je in yi kwas in ci jarrabawa a ba ni lasin, kuma a cikin shekara biyun nan bai taɓa barina na yi amfani da biro ba. Ya ce wanda ya rubuta lissafin jirgi da biro yana nufin ya gama da iska ke nan, ita kuwa ba ta gama da shi ba.

Daga baya kwamfuta ta zo, ta ɗauke mana wahalar rula da faifai. Ban ƙi ta ba, tana da sauri. Amma abin da ka ba ta shi za ta dafa maka. Ba ita za ta fita ta kalli gabas ba, ba ita za ta kira mutuminmu na Maiduguri ta ce masa ya leƙa waje ya faɗa mini kalar sama ba. Har na bar aiki faifan ƙarfen nan yana aljihun rigata, kuma duk takardar da kwamfuta ta fitar sai na bi ta da shi.

Masu hulɗa da mu na farko matuƙa ne. Akwai wanda zai karɓi takarda ya sa hannu ko dubawa bai yi ba, irinsu ne ke hana ni sukuni. Akwai wanda zai tsaya ya yi ta ja da kai a kan kilo hamsin na mai. Sai kuma fasinjoji, waɗanda idan jirgi ya makara sukan biyo duk wanda suka gani da oba-oba a hannu. Na tuna wani Arɗo daga wajen Kanya Babba da ’ya’yansa suka saya wa tikiti zai je ganin likitan ido. Ya tare ni ya ce, "Yaro, an ce awa ɗaya ne zuwa Barno. Gaskiya ne?" Na ce da ɗan ɗoriya, ranka ya daɗe. Ya ce shi da ƙafarsa ya kai shanu can yana saurayi, wata guda da kwanaki suka yi, kuma ya san kowace rijiya a hanya. Ya tambaye ni inda jirgi ke tsayawa ya sha ruwa. Na ce ba ya tsayawa, duk abin da zai sha sai ya ɗauka daga nan. Ya dube ni ya ce, "To wa ke auna masa?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ka auna da na ɓatan hanya." Wannan dattijo bai taɓa shiga aji ba, amma ya fahimci aikina fiye da wasu manajoji da na yi aiki a ƙarƙashinsu.

Don kuwa man jirgi ba na zuwa kawai ake zubawa ba. Akwai na zuwa. Akwai na shawagi, idan an isa aka tarar ba halin sauka. Akwai na tafiya wani filin idan shawagin bai yi amfani ba. Sannan akwai na ajiya, wanda ba a taɓawa sai rai ya zo wuya. Tafiyar awa ɗaya takan ci lissafin man awa uku ko huɗu. Shi kuma mai nauyi ne da shi. Duk kilon mai da ka ƙara, kilon mutum ko na kaya ne ka rage. Ga kuma zafi. Idan rana ta take, iska takan yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, jirgin da ya ɗauki kaya cike da asuba ba zai iya ɗaukarsu da azahar ba. Tsakanin waɗannan abubuwa uku, mai da nauyi da zafi, a nan disfaca yake rayuwa.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda man jirgi ya yi wuya. Sai mu wuni muna leƙen ƙofa ko tankar mai za ta shigo. Jirage uku ne da kamfaninmu, aka ajiye biyu, ɗaya ya rage yana zirga-zirga. Abokan aiki suka yi ta tafiya, ofishin da muke mu huɗu ya koma ni kaɗai, Malam Isiyaku kuwa ya riga ya yi ritaya. Aka kawo sabon manaja, mutum mai fara'a, amma a idonsa duk man da jirgi ya dawo da shi a tanki asara ce. Kullum sai ya shigo ya tsaya a bayana yana kallon takarda. "Malam Sa'idu, wannan fa tafiyar awa ɗaya ce." Na ji wannan magana ta fi sau ɗari a shekarar nan. A lokacin kuma hanyar mota zuwa Maiduguri ba ta da daɗi, ana rufe ta tun kafin magariba, wanda bai wuce da wuri ba sai ya kwana a hanya. Saboda haka jirginmu kullum cike yake.

Wata Laraba ce a farkon damina, ruwa bai sauka a Kano ba tukuna, zafi kamar a gasa gurasa a kan kwalta. Jirgi zai tashi sha biyu da rabi. Da hantsi na karɓo takardar yanayi, na ga hadari ya haɗu a gabas, doguwar ganuwa tun daga wajen Yola har arewa, yana tahowa. Na kira mutuminmu na Maiduguri. Ya ce rana ce tar a wajensu, amma gabas ta fara duhu kuma iska ta tsaya cik. Na lissafa. Idan muka tashi kan lokaci, ko mu riga hadarin sauka da ’yan mintoci, ko mu iske shi a kan gari. Yola da Gombe, inda muka saba karkatawa, su ma suna cikin layinsa. Wurin gudu ɗaya ya rage, a dawo Kano. Ke nan sai an zuba man zuwa, da na shawagi, da na dawowa gida gaba ɗaya, da na ajiya. Da na ɗora wannan a kan zafin ranar, nauyi ya haura da kilo ɗari huɗu.

Manaja ya shigo, na nuna masa. Ya ce, "Ka sa Yola a takarda mana. Ta fi kusa, man zai ragu, kowa ya hau."

Na ce, "Yallaɓai, Yola tana cikin ruwa."

"Hasashe ne fa. Sau nawa suka ce za a yi ruwa ba a yi ba?"

"Da yawa. Amma ba zan rubuta wurin da na san jirgi ba zai iya sauka ba."

Matuƙin ranar Kyaftin Buba ne, mutumin Adamawa, ba shi da yawan magana. Ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya zaro biro ya sa hannu a ƙarƙashin lissafina. Ya ce da manaja, "Ni zan zauna a ciki, yallaɓai." Manaja ya fita bai rufe ƙofa ba.

Na fara da kwalayen saƙo da kamfani ya karɓa, na sa aka sauke su, kilo ɗari da sittin suka tafi. Sauran dole daga fasinjoji za su fito. Ƙa'ida ita ce waɗanda suka zo ƙarshe su ne za su jira jirgin gobe. Na karɓi jerin sunaye na duba ukun ƙarshe. Na ƙarshen duka Alhaji Bukar ne.

Na san shi tun ina yaro. Mutumin Babura ne, ɗan kasuwar hatsi, iyayensa daga Barno suka zo suka zauna, kuma mahaifina a wajen mahaifinsa yake sayar da gero. Ya girme ni da shekara goma. Na same shi a ɗakin jira, a tsaye, bai zauna ba, ƙafafunsa duk ƙurar hanya, ba shi da akwati sai wata leda baƙa da ya rungume a ƙirji. Da ya gan ni fuskarsa ta saki.

"Sa'idu! Alhamdu lillahi. Ashe kana nan."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Ya Falmata, mahaifiyarsa, ta rasu da asuba a Maiduguri, a gidan ƙanwarsa inda ta je jinya. Ya buɗe bakin ledar ya nuna mini farin yadi a ninke. Likkafaninta ne. Ta saya a Makka shekarar da ta yi aikin hajji, ta wanke shi da zamzam, ta ba shi ajiya a Babura, ta ce idan ranar ta zo shi zai kawo. ’Yan'uwa sun ce za su jira shi har la'asar, ba za su wuce haka ba.

Ya ce, "Awa nawa ne, Sa'idu? Zan same ta?"

Na ce, "Idan Allah ya yarda awa ɗaya da kwata ne, Alhaji. Amma akwai hadari a gaba, ban san wanda zai riga wani ba." Ban iya faɗa masa sauran maganar ba. Na ce ya ba ni minti goma.

Na koma kan sikeli, wurin da na fara aiki, na karɓi takardar awon kaya ina bi layi-layi. Yawanci kilo goma ne, sha biyar, ashirin. Sai na zo kan suna guda mai ƙunshi shida, jimlarsu kilo ɗari biyu da hamsin. Hajiya Talatu, ’yar kasuwa, mai kai atamfa da leshi Maiduguri, kusan duk mako sai ta bi mu. Idan kayanta suka kwana, mutum uku za su hau.

Na same ta tana fifita da tikitinta. Na yi mata bayani. Ta ce sam. Kayan biki ne, gobe da safe masu su za su zo karɓa, kuma ta biya kuɗin nauyinsu tun jiya. Gaskiyarta ce, ba ni da ikon sauke kayan da aka riga aka karɓa bisa ƙa'ida alhali ga waɗanda suka zo a makare.

Ta ce, "Kullum ku haka kuke. Ku sauke na wani mana."

Na ce, "Hajiya, babu wani mai kaya kamar naki. Zo ki ga mutum ɗaya, in kin ce a'a bayan nan, ba zan ƙara magana ba."

Ta taso tana mita. Na kai ta gaban Alhaji Bukar, wanda har lokacin bai san sunansa na cikin waɗanda za a bari ba. Suka gaisa. Ta dubi ledar ta ce, "Alhaji, kai ba ka da kaya sai wannan?" Ya faɗa mata abin da ke ciki da inda za shi. Hajiya Talatu ta daina fifita. Ta yi masa ta'aziyya, ta juyo gare ni ta ce, "Ka sauke su. Amma wallahi gobe in ban gan su ba, ofishinka zan tare." Na ce na yarda.

Ƙarfe ɗaya saura kwata jirgi ya tashi, ya makara da minti sha biyar saboda sauke kaya. Na rubuta lokacin, na dubi agogo, na fita waje, na dawo. Mutane suna zaton idan jirgi ya tashi disfaca ya huta. A lokacin ne ma kujera ke ƙin zama. Kowane minti goma ina sa ɗigon fensir a kan taswira inda ya kamata a ce jirgin yake. Ɗaya da rabi na kira mutuminmu na Maiduguri, ya ce iska ta fara tashi. Biyu saura minti goma ya ce gabas ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suna ta gudu. Biyu saura minti uku ya kira ni da kansa, ina jin rugugi a bayan muryarsa, ya ce ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ba ya ko ganin hasumiya.

Minti sha biyar ɗin da muka ɓata a ƙasa su ne suka raba mu da sauka. Na lissafa wannan sau da yawa daga baya, da fensir da faifai, amsar ba ta canza ba. Da na bar mutum ukun nan a Kano tun farko, ban tsaya neman dabara ba, da jirgi ya sauka kafin ruwa da sauran mutanen da kayan Hajiya.

Kyaftin Buba ya ja jirgi yamma da gari inda sama ke da haske, ya yi ta zagaye. Man shawagi na minti arba'in na sa aka zuba masa tun a Kano. Manaja ya shigo ya tsaya a bayana, wannan karon agogo yake kallo tare da ni. Minti ashirin. Talatin. Mutuminmu ya ce ruwan ƙaruwa yake yi, titin jirgi ya zama kogi. A minti na talatin da biyar saƙo ya iso ta hasumiya cewa Kyaftin ya juyo Kano. Iska tana bayansa, hadarin yana biye da shi, ya sauka huɗu saura kwata. Awa uku cif suka yi a sama, suka sauka a inda suka tashi. Na hau na duba ma'aunin mai da idona. Na ajiya ne kawai ya rage, ba a taɓa shi ba. Kyaftin ya miƙo mini takarda ya ce, "Yola ma a rufe take tun ƙarfe biyu." Manaja yana tsaye a gindin tsani ya ji. Bai sake ce mini tafiyar awa ɗaya ba ce har kamfanin ya rufe a ƙarshen shekarar.

Fasinjoji suka sauko, wasu na zagi, wasu na hamdala, wata mata ta durƙusa ta taɓa kwalta da goshinta. Hajiya Talatu ta wuce ni ta ce, "To, ga ni ga kayana, mun haɗu," ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Alhaji Bukar ne ya fito ƙarshe, ledar tana ƙirjinsa yadda ya shiga da ita. Na tare shi na kai shi ofishina, na ba shi kujerata da ruwa. Bai sha ba. Ya ciro waya ya kira ƙaninsa. Ina jin muryar ƙanin, yana cewa ruwa ya fara tsagaitawa, mutane sun taru, liman yana tambaya.

Alhaji Bukar ya ce, "Ku sa mata wanda kuka samu. Ku sallace ta, ku kai ta. Kada ku jira ni."

Ya kashe wayar ya ɗora a kan taswirata. Na ce, "Alhaji, ka yafe ni. Na so in kai ka."

Ya ce, "Ai ka kai ni. Da matuƙin ya karkata jirgi, girgije ya ɗan buɗe, na hango gefen garin can ƙasa, ruwa na zuba a kansa. A nan na yi mata addu'a. Na fi kusa da ita a kan in ina Babura."

Aka kira la'asar, muka je masallacin ma'aikata muka yi salla. Da muka fito gabas ta yi duhu, wani hadari irin wanda ya kore su daga Maiduguri ya kusa isowa Kano. Na nemo masa wani direba da na sani, ɗan Kazaure, wanda ya yarda su kama hanya su kwana a Potiskum, da safe su ƙarasa ya samu zaman makoki. Na ce ko ya jira jirgin gobe, wurinsa yana nan. Ya ce a'a, ba zai iya zama ba, gara ya ji yana tafiya.

Na raka shi bakin mota. Iska ta fara ɗaga takardu a filin ajiye motoci, ɗigon farko yana faɗowa a kan gilashi. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya dubi ledar da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinta. Ya gyara bakinta ya ƙulle da kyau don kada ruwa ya taɓa yadin.

Ya ce, "Shekara sha ɗaya ina ajiye da shi, Sa'idu, ina cewa nata ne. Ashe ni ta sayo wa."

Ya shiga ya ɗora ledar a cinyarsa, direba ya ja mota. Ni kuma na koma ofis a guje, ruwa na dukana, don akwai jirgin gobe da ƙunshi shida na Hajiya Talatu da zan nema wa wuri.